Sintiri kafin siminti: yadda ya kamata Bauchi ta riƙe Yankari

Daga ƙofar Mainamaji zuwa sansanin Wikki tafiyar kilomita 40 da 'yan kai ce. Mafi yawan baƙi ba sa lura da komai a hanyar sai itatuwa da ciyawa, sai gwaggon biri da ke zaune a gefe yana bin mota da kallo. Hankalinsu yana kan ruwan nan da ke ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin dutse, garai-garai har kana hango yashin ƙasa, ɗuminsa digiri 31 ko ana sanyin hunturu ko ana zafin bazara. An ƙiyasta cewa kimanin lita miliyan 21 ke fitowa kowace rana, su gangara kogin Gaji. Wanda ya yi iyo a Wikki ya koma gida zai ce ya je Yankari, kuma da gaskiyarsa. Sai dai wurin iyon duka tsawonsa bai wuce mita 200 ba, gandun da ya kewaye shi kuwa faɗinsa murabba'in kilomita 2,244 ne. Abin da ke faruwa a cikin wannan faɗin, can inda baƙo ba ya taka ƙafa, shi zai nuna ko jikokinmu za su ga giwa a ƙasar Bauchi.

An keɓe Yankari a 1956, zamanin gwamnatin Jihar Arewa, aka buɗe wa jama'a ranar 1 ga Disamba 1962. Ya bi ta hannun Jihar Arewa maso Gabas, sannan Jihar Bauchi da aka ƙirƙiro a 1976. A 1991 gwamnatin tarayya ta karɓe shi ta mai da shi gandun ƙasa, a 2006 kuma aka maido wa Bauchi abinta. Tun daga nan maganar ba ta kwanta ba: wasu na cewa nauyin ya fi ƙarfin jiha, a mayar wa Abuja. Suna kafa hujja da cewa a 2020 gwamnatin tarayya ta amince a ɗaga darajar gandaye goma zuwa na ƙasa, ciki har da Falgore na Kano, Baturiya na Jigawa, Kogo na Katsina da Pandam na Filato. Wato wasu jihohin suna sauke kaya, Bauchi tana riƙe da nata.

A ganina ta ci gaba da riƙewa. Kamuku da ke Birnin Gwari gandun ƙasa ne, haka ma na tafkin Kainji, kuma kasancewarsu a hannun tarayya bai hana 'yan bindiga yin sansani a cikinsu ba. Tutar da ke ƙofa ba ta gadin daji. Jiha kuwa tana da abubuwan da Abuja ba ta da su a kusa: dokar mallakar ƙasa ta 1978 a hannun gwamna ta sa filaye, kotunan majistare nata ne, hakimai da dagatan Duguri da Pali da Gwana ita suke saurare, ita ke da malaman gona da likitocin dabbobi a ƙananan hukumomi. Duk rikicin gandu da waɗannan ake warware shi. Amma riƙo yana da sharaɗi, kuma sharaɗin nan ne muka saba juyawa baya gaba. Idan aka tashi yi wa Yankari hidima, abin da ke fara zuwa zuciya shi ne ɗakunan kwana, zauren taro, sabuwar ƙofa mai ado. Waɗannan ake yanke wa ƙyalle. Ni kuwa na ce kuɗin farko na sintiri ne, na biyu na maƙwabtan gandun, abin da ya rage shi ne na siminti.

Hujjar tana cikin tarihin giwayen kansu. Ƙidayar da aka yi ta jirgin sama a 2006 ta samu giwaye kusan 350. Cikin 'yan shekaru masu neman haure suka yi musu ɓarna, har ƙiyasi ya dawo tsakanin 100 da 150. A 2014 gwamnatin jiha ta sa hannu da ƙungiyar kare namun daji ta WCS kan haɗa hannu wajen tsaron gandun. Aka horar da masu gadi, aka riƙa ba su guzuri da alawus a kan lokaci, aka sanya wa wasu giwaye abin wuya mai nuna inda suke ta tauraron ɗan Adam. Daga watan Mayun 2015 aka yi shekaru ba a tsinci gawar giwar da mafarauta suka kashe ba. Dajin bai sauya ba, mafarautan ba su ƙaura ba, farashin haure ma bai zama banza ba. Mutane ne kawai suka riƙa kwana a dawa da abinci a jaka. Haka aka gani a Zakouma ta Chadi, inda giwaye suka faɗo daga wajen 4,000 a 2002 zuwa kimanin 450 a 2010, sannan garken ya fara haihuwa yana ƙaruwa bayan an tsaya a kan tsaro.

To mene ne sintirin da ke aiki? Mutum 6 zuwa 8 ne a ƙungiya ɗaya, mota ta sauke su a wani wuri, su shiga a ƙafa, su yi kwana 7 ko 8 ba su leƙo sansani ba. Kowa da takalmi mai ƙwari, gidan sauro, tabarmar kwanciya da gorar ruwa. A watan Maris da Afrilu mai tafiya a rana yana buƙatar aƙalla lita 5 na ruwa a yini, saboda haka ana tsara hanya ne bisa inda ruwa yake. Guzurin ba wani abin a-zo-a-gani ba ne: shinkafa, wake, garin kwaki, man gyaɗa, gishiri, ganyen shayi da sukari. Sai akwatin magani, rediyon magana da hedikwata, da waya ko na'urar da ke rubuta duk inda suka taka. Wannan na'urar ita ce shaida. Da ita shugaba zai buɗe taswira a ƙarshen wata ya ga cewa kudancin gandun ya yi sati shida ba wanda ya leƙa shi, ya tura mutane can. Idan aka ce ƙungiya biyar za su kasance a daji a kowane lokaci, mutum 35 ke nan. Wasu 35 suna hutu, domin ba a dawo da mutum daga kwana takwas a dawa a sake tura shi washegari. A ƙara masu tsaron ƙofofi, direbobi, masu rediyo da marasa lafiya, za a ga cewa ƙasa da mutum 80 masu jini a jika ba za su riƙe wurin ba. Wanda ya kusa ritaya a ba shi ƙofa ko gidan tarihi, sanin da ya tara yana da amfani a can.

Inda abin ke lalacewa sananne ne. Alawus ya makara wata biyu, sai wani ya sayar da labarin inda za a bi gobe. A yi sintiri a mota bisa hanya, maharbi yana jin ƙarar inji daga nesa, ya kwanta a ciyawa har ta wuce. A riƙa bin hanya ɗaya kowace Litinin, cikin wata guda kowa ya haddace. A ajiye mutum shi kaɗai a shingen da ke bakin ƙauyensu, a ce ya kama ɗan kawunsa, ba zai iya ba, kuma zalunci ne a ɗora masa wannan. Masu farautar dare da fitilar goshi sun fi fita a duhun wata, lokacin da idon dabba ke ƙyalli, don haka jadawalin sintiri ya kamata ya bi kwanan wata. Masu ɗana tarko da wayar birkin babur suna jera shi ne a hanyoyin da dabbobi ke bi zuwa mashaya, wani lokaci gommai a layi ɗaya, kuma tarko ba ya zaɓe: wanda aka ɗana wa gada shi ke datse ƙafar zaki ko hancin ɗan giwa. Mai gadi da ya san aikinsa hayaƙin banda yake nema da sassafe, da sawun keke, da inda ungulu ke shawagi.

Kamu kuma rabin aiki ne. Tsarin mulki ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, kwana biyu idan babu. Ke nan dole mota da mai su kasance a shirye. A ɗauki hoton mutumin da naman da bindigar a wurin da aka same shi, a rubuta wurin da lokacin, a jera kayan shaida a takarda, mutum biyu su sa hannu. In babu wannan lauya zai rushe ƙarar cikin minti biyar. Sannan majalisar jiha ta duba tarar da ke cikin dokar namun daji. Muddin tarar kashe gwanki ba ta kai kuɗin namansa a kasuwa ba, maharbi zai ɗauke ta kamar kuɗin shiga.

Yanzu maganar kuɗi, wadda ita ce gindin komai. Daji yana da nasa jadawalin, kuma ba ya jiran baitulmali. Ruwa yana sauka daga Mayu zuwa Satumba. Zuwa Oktoba gamba ta fi tsayin mutum, zaizaya ta yanke hanyoyi, kwalbatoci sun toshe da yashi. Da ƙasa ta fara tsanewa ake sa gireda, a gyara hanyoyin kallon dabbobi da na sintiri, a share layin kare wuta mai faɗin mita 6 zuwa 10 a kan iyaka da kewayen wuraren da ba a so wuta ta taɓa. Daga tsakiyar Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba ake ƙunar farko, tun ciyawa tana da sauran danshi. Yanki-yanki ake yi, da la'asar sakaliya, a kunna ta yadda za ta tunkari iska, raɓar dare ta kashe ta. Irin wannan wutar a hankali take tafiya, tana barin tsibiran ciyawa inda ƙananan dabbobi ke fakewa, ba ta kashe 'yan itatuwa, kuma cikin sati biyu ko uku toho ke fitowa, gwanki da kanki su taru a kai, baƙo ya gan su daga mota. Kurmin da ke bakin Gaji ba a sa masa wuta ko kaɗan.

Idan man gireda da kuɗin leburori ba su fito ba sai Fabrairu, an yi asarar shekarar. Kafin nan wani maharbi ko makiyayi ya riga ya kunna tasa wutar, ciyawa ta bushe ƙayau, iskar hunturu tana kaɗawa. Wannan ita ce mai hawa kan itace, ta ƙone kawo da maɗobiya tun suna ƙanana, ta cinye sheƙar tsuntsayen ƙasa, ta bar dabbobi ba abinci a lokacin da suka fi buƙata. Kuɗin da aka saki a Fabrairu a takarda daidai yake da na Oktoba, a daji kuwa ba ɗaya ba ne. Shi ya sa nake ganin tsarin da za a zuba kuɗin ƙofa da na ɗakuna cikin asusun gwamnati na bai-ɗaya, sannan manaja ya riƙa rubuta takarda yana jiran amincewa kafin ya sayi taya, bai dace da gandun daji ba.

Jihar Missouri ta Amurka ta warware irin wannan matsalar tun 1984. Masu zaɓe suka amince da ɗan ƙarin haraji a kan sayayya, senti 10 a kowace dala 100, rabi na wuraren shaƙatawa da wuraren tarihi na jihar, rabi na kare ƙasar noma da ruwa. Kuɗin ba ya shiga wata hidima, ana komawa wurin jama'a su sabunta amincewarsu, kuma shiga wuraren kyauta ne. Ba na cewa a kwafo harajin, tsarinmu na haraji daban ne. Abin ɗauka shi ne keɓewa da doka. Majalisar Bauchi tana iya kafa asusun gandaye na dindindin: duk abin da aka samu a ƙofa, ɗakuna, motocin yawo da ɗaukar fim ya zauna a ciki, a ƙara masa wani kaso tsayayye daga rabon da jiha ke samu na asusun kula da muhalli. Dokar ta fayyace cewa guzuri, alawus, mai da gyaran motocin sintiri su ne farkon abin da za a biya, a farkon kowane wata uku, kuma a wallafa lissafin shiga da fita kowace shekara. A kwamitin amintattu a sa wakilin masarauta, na manoma, na makiyaya, masanin namun daji daga jami'a, da mai binciken kuɗi daga waje.

Kada kuma a ruɗi kai cewa kuɗin baƙi kaɗai zai riƙe wurin. Ziyara abu ce mai saurin tsinkewa. A Kure ta Nijar, inda raƙuman dawa suka ƙaru daga kusan 50 a 1996 zuwa sama da 600, hari guda a watan Agustan 2020 ya sa baƙi suka ɗauke ƙafa. Annobar korona ma ta rufe ƙofofi a ko'ina. A irin wannan lokacin ne maharbi ke shiga, don haka a lokacin ne sintiri ya fi buƙatar kuɗin da bai dogara da tikiti ba.

Sai maƙwabta. Yankari ba shi da katanga, kuma giwa ba ta san iyaka ba. Babbar giwa tana cin abin da ya kai kilo 150 a rana. Da kaka, lokacin da dawa da masara suka nuna, garke yana iya fitowa cikin dare ya shafe gonar da iyali suka yi wata biyar suna wahala a kai. Duk wanda ya taɓa ganin irin wannan gonar da safe, karan dawa a kwance kamar an bi da abin daɓe, kashin giwa tuli-tuli yana tururi, maigona a tsaye ya rasa ta cewa, ba zai ƙara yi wa manomi wa'azin son dabbobi da fatar baki ba. Mutumin nan idan gobe baƙon maharbi ya nemi masauki a gidansa, me zai hana ya ba shi?

Akwai dabaru, kowace da iyakarta. Abin wuyan giwa yana nuna lokacin da garke ya doshi iyaka, sai a buga wa matasan da aka ɗauka a ƙauyuka waya, su fito da fitilu masu ƙarfi da gwangwani da ƙaho tun kafin giwayen su shiga gona, domin korarsu daga bakin gona ya fi sauƙi a kan fitar da su bayan sun ɗanɗana. Batirin abin wuyan yana ƙarewa cikin 'yan shekaru, sauya shi kuma sai da likita da allurar sa barci, don haka a sa kuɗinsa a kasafi tun da wuri. Ana cuɗa dakakken barkono da kashin shanu ko na giwa, a yi curi a shanya, a kunna da dare ta ɓangaren da iska za ta kai hayaƙin wajen daji. Ana shafa barkono da baƙin mai a igiya da tsumma a kewaye gona, sai dai ruwa ɗaya ke wanke shi, a sake shafawa. A Kenya an gwada shingen amya: a rataye amya kowane mita 10, a haɗa su da waya, giwa ta taɓa wayar zuma ta tashi. Yana aiki matuƙar akwai zuma a ciki. Da rani sukan gudu idan babu ruwa da inuwa, ga dage da tururuwa. Giwa kuma tana da wayo, dabarar da aka daɗe ana yi takan saba da ita, shi ya sa ake sauyawa.

Duk da haka wata gonar sai ta lalace, nan ne diyya ke shigowa. A auna ɓarnar cikin kwana uku, da malamin gona da dagaci da wakilin gandu, a biya kafin hatsi ya yi tsada. A ganina a biya da buhun hatsi ya fi a biya da takardar banki da za ta kai baɗi.

Makiyaya nasu ya fi wuya. Shanu suna shiga gandun saboda ciyawa da ruwan Gaji, ana sassabe rassan kawo da maɗobiya a ba su, kuma idan zaki ya kashe saniya akan zuba wa mushen guba. Guba ɗaya tana iya kashe zaki da kuraye da ungulu masu yawa. Zakin Afirka ta Yamma yana cikin jerin dabbobin da ke dab da ƙarewa, kuma a Najeriya Yankari da Kainji kaɗai aka san ya rage. Ga cuta: annobar bushiya ta farkon shekarun 1980 ba shanu kaɗai ta kashe ba, har da namun daji irin su ɓauna. Dole a hana shiga, wannan ba abin sasantawa ba ne. Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. An nome burtali, an gine mashaya, wuraren kiwon da aka keɓe tun zamanin Jihar Arewa da yawa sun zama gonaki. Jihar da ke kama shanu a cikin Yankari ita ce kuma ke da ikon buɗe burtalin da ya zagaye shi, ta haƙa rijiyoyin burtsatse masu aiki da hasken rana a nesa da iyaka, ta kai allurar rigakafi ruga. A zauna da arɗo-arɗo kafin rani, a nuna musu iyaka a ƙasa, a kafa turakun siminti masu fenti da kowa zai gani. Wannan simintin kam ina goyon bayansa. Shanun da aka kama kuma a rubuta adadinsu a gaban shaida, tara ta bi ta kotu da rasiɗi, domin ranar da aka fara karɓa a bayan itace an mai da gandun kasuwar ciyawa.

Wani ɓangaren da aka fi mantawa shi ne tarihi. Mutane sun zauna a Yankari tun kafin a keɓe shi, kuma sun bar alamunsu. Akwai kogunan Marshall, guda 59 da aka sassaƙa a jikin dutsen yashi, waɗanda aka sa wa sunan mai binciken da ya bayyana su a 1980. Akwai rijiyoyin Dukkey, sama da 130, haɗe da juna ta ƙarƙashin ƙasa don tara ruwa. Akwai zane-zane a jikin Tunga Dutse, da matoyar tama kusan 60 a tsaye a Shau Shau, shaidar cewa a nan an narka ƙarfe da yawa. Matoyar nan da yumɓu aka gina su. Ruwan sama yana cin kansu, saiwar itace tana tsaga gindinsu, gara tana shiga, dabba ta goga jiki ɗaya ta faɗi, wutar rani ta ƙarasa sauran. Abin da suke buƙata bai kai kuɗin ɗaki guda na otal ba: a ba kowace lamba, a ɗauki hotonta da awonta, a nome ciyawa da hannu mita 5 kewaye kafin lokacin ƙuna, a yi ƙaramar magudana ta kawar da ruwa, waɗanda suka fi kyau a yi musu rumfa. Kada a yi musu yaɓe da siminti da sunan gyara, siminti yana riƙe danshi ya ruɓar da yumɓun ta ciki. Dutsen yashi kuma yana da laushi, ƙusa ma tana rubutu a kansa, saboda haka kada a bar ɗalibai su shiga kogunan babu jagora. Hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa da sassan nazarin kayan tarihi na jami'o'inmu suna da masu wannan aikin, gayyata kawai suke jira.

Wikki kansa, da har ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta jihar ta ari sunansa, abin da zai kashe shi ƙazanta ce. Ruwan daga cikin dutsen yashi yake tsatsowa, irin dutsen da ke shan duk abin da aka zuba a kansa. Duk ramin masai, wurin zuba shara ko tankin man janareta da ke saman maɓuɓɓugar haɗari ne, ko da ba a ga illar a bana ba. A hana sabulu da wanki a cikin ruwan, a hana kwalba, a ƙayyade yawan masu shiga a ranakun Sallah da Kirsimeti, a ajiye masu ceto biyu duk lokacin da wurin ke buɗe. Gwaggon biri da ke fizge leda a hannun yara mu muka koya masa, da kwandon shara marar murfi da baƙin da ke jefa masa biskit don ɗaukar hoto. Kwando mai sakata da tara a kan mai ciyarwa su ne maganinsa. Baƙo kuma buƙatarsa kaɗan ce: famfo ya kawo ruwa, wuta ta kwana, zanin gado ya zama wankakke, motar yawo ta tashi da asuba a kan lokaci, jagora ya san bambancin gwambaza da mazo, ya iya kiran sunan wasu daga cikin tsuntsaye sama da iri 350 da ke wurin. A gaya masa gaskiya tun yana gida: dabbobi sun fi ganuwa daga Janairu zuwa Afrilu, lokacin da suke taruwa a Gaji, kuma ya sa tufafi masu haske saboda tsando yana bin baƙi da shuɗi. Gudanar da ɗakuna da abinci a ba ɗan kasuwa haya ta shekaru, da sharuɗɗa a rubuce da kaso mai shiga asusun gandu. Tsaro da ƙasa kuwa su zauna a hannun hukuma.

Yankari ba shi kaɗai Bauchi ke da shi ba. Akwai Sumu a Ganjuwa, inda aka saki raƙuman dawa da jakunan dawa da wasu dabbobin da aka kawo daga Namibiya, akwai kuma Lame-Burra a wajen Toro da Ningi. Kamata ya yi su zama ƙarƙashin hukuma ɗaya da asusu ɗaya, amma kowanne da aikinsa. Sumu ya fi kusa da gari, ya dace da 'yan makaranta da iyalin da ke son fita ta yini ɗaya, kuma rayuwarsa tana kan shinge da ruwa: waya ta yanke a bar ta sati guda, an yi asarar dabbobin da aka sha wahalar kawowa. Lame-Burra ko babu baƙo ko ɗaya yana buƙatar masu gadi, saboda itatuwansa da ruwan da ke gangarowa daga duwatsunsa, da kuma darasin Sambisa, wanda shi ma gandun namun daji ne kafin ya zama abin da ya zama. Dajin da hukuma ta daina takawa wani ne zai taka shi. Ga kuma aikin man fetur na Kolmani da aka ƙaddamar a Nuwamban 2022, a ƙaramar hukumar Alkaleri da Yankari yake ciki. Sababbin hanyoyi da cincirindon ma'aikata suna zuwa da kasuwar nama da ta gawayi, saboda haka tun yanzu ya kamata a rubuta a yarjejeniya abin da kamfanonin za su riƙa zubawa a asusun tsaron gandun.

Kasafin kuɗin jiha yakan je gaban majalisa a ƙarshen shekara, kuma ana zaman jin ra'ayin jama'a. Mai son Yankari ya nemi shafin gandaye ya duba layi uku: nawa aka ware wa guzuri da alawus na masu sintiri, nawa aka ware wa man gireda da share layin wuta, nawa aka ware wa diyyar gonaki. Sannan ya tambayi ɗan majalisarsa nawa aka saki daga na bara, kuma a wane wata.